Hotunan gidanku su kwana a gidanku

Tun ranar 1 ga Yuni 2021 Google Photos ya daina ajiye wa mutane hotuna kyauta ba iyaka. Gigabayit 15 ake ba ka, kuma Gmail da Drive duk a ciki suke ci. In ya cika, sai ka biya duk wata. Ni a ganina duk gidan da ke da matashi mai son taɓa kwamfuta, ya kamata hotunan biki da na suna da takardun makaranta su zauna a sabar gida, wato kwamfutar da ke aje a ɗaki tana yi wa sauran wayoyi hidima.

Masu sha'awar abin sukan fara da sayen Raspberry Pi, 'yar allon nan da ta fito a 2012. Tana da kyau, ba ta cin wuta. Amma ni tsohuwar laftof nake ba da shawara, ko da allonta ya tsage. Dalilina batir ne. In an ɗauke wuta ana cikin rubuta fayil, ma'ajiyar na iya lalacewa, ita kuwa laftof batirinta zai riƙe ta har a tayar da janareta. Ka sa mata babbar manhajar Debian, ka haɗa ta da rauta da waya, don Wi-Fi yana yankewa. Sannan ka ɗora Nextcloud, manhajar da Frank Karlitschek ya kafa a Jamus a 2016, hotunan wayoyin gidan su riƙa hawa da kansu. Wannan zirga-zirgar a cikin gida take, ba ta cin data ko kaɗan.

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka sha wuya. Wanda takardunsa ke kan sabar gida bai rasa su ba. Shi ya sa nake ƙara Kiwix a kanta, yara su karanta Wikipedia ko babu sabis.

Inda nake jan kunnen ƙannena shi ne buɗe ƙofar rauta don a shigo daga waje. Kada ku yi. Akwai na'urorin da dare da rana aikinsu neman irin waɗannan ƙofofi, suna gwada kalmomin sirri. Galibin layukan waya ma adireshi ɗaya suke raba wa jama'a da yawa, ƙofar ba za ta buɗu ba. Manhajar Tailscale ta isa: rami ne rufaffe tsakanin wayarka da gida.

Diski kuma yana mutuwa, sabo ko tsoho, balle a zafin bazara da ƙurar hunturu. Ka sayi na biyu, ka kwafe komai duk Juma'a, ka kai shi gidan ɗan'uwa. Lokaci-lokaci ka buɗe kwafin, ka tabbatar hotunan suna buɗuwa.