Waken Zuru Ya Kwana a Zuru

Kowace shekara idan kaka ta yi, muna ganin manyan motoci suna lodin wake a kasuwannin Zuru da Ribah, suna yin kudu da shi. Iyayenmu sukan sayar da araha, domin ga kuɗin makaranta, ga hidimar Kirsimeti da ta Uhola. Damina na yin tsakiya kuma sai ga mu a kasuwa muna sayen waken nan da tsada, sau da yawa ma wanda ƙwaro ya riga ya huhhuda. Ɗaliban kwana sun san irinsa, ba sai mun faɗa ba.

Ba buƙatar kuɗi kaɗai ke sa manomi gaggawa ba, har da tsoron ƙwaro. Ƙwaron nan tun daga gona yake bin wake, kuma cikin 'yan watanni sai ya mai da buhu gari. Kakanninmu sukan gauraya wake da toka ko barkono. Mu kuwa da muka yi boko sai muka koma wa fiya-fiya, muna yayyafa guba a kan abin da za mu ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda irin wannan maganin. Abin da Bature ya ƙi, shi muke dafa wa 'ya'yanmu.

Alhali kuwa ƙwaro ba ya rayuwa sai da iska. A shanya wake ya bushe ƙarau, a cika jarka mai tsabta har wuya, a toshe bakinta sosai, kada a buɗe sai an tashi ci. Haka buhun PICS mai ruɓi uku yake aiki, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Babu ko ɗigon magani.

Shawararmu ga hukumar makaranta ita ce a sayi waken shekara a watan Disamba, daga hannun iyayen ɗalibai da membobin ikilisiya, a yi musu farashin kirki. Yusufu ma lokacin ƙoshi ya tara hatsi a Masar. A kuma shuka wake tsakanin dawa a gonar makaranta; yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa ta awaki ce. Ɗaliban ajin noma su riƙe awo da lissafin ɗakin ajiya. Zumuntar Mata kuwa, mun ji kuna da jarkoki da yawa. Muna roƙo a ara mana kafin kaka.