A Horar da Masu Lura da Hadari Kafin Damina

Jama'a, duk shekara labarin ɗaya ne a Kafanchan da kewaye. Hadari ya taso daga gabas, guguwa ta yaye kwanon gidaje da makarantu, rafuka su cika su shiga gonaki. Washegari mu taru muna jaje da karo-karo. Har yaushe?

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, amma hasashe ba ya ganin rafin bayan gidanka. Wannan aikin idon mutum ne. Shi ya sa a Amurka hukumar yanayi take horar da 'yan sa-kai kyauta a shirin SKYWARN, da yawansu masu rediyon sadarwa. Suna koyon gane gajimare mai haɗari da ƙarfin iska, su kai rahoto nan take.

Mu ma muna da abin farawa. 'Yan sintirinmu suna riƙe da oba-oba, wadda ba ta jiran sabis ɗin waya. Me ya hana a horar da mutum biyu a kowace unguwa, su san lokacin tada mutane da wanda za su sanar?

Masu cewa ruwa na Allah ne sun yi gaskiya, amma tawakkali bai hana shiri ba. Ambaliyar Maiduguri a 2024 da ta Mokwa a 2025 duk sun tarar da mutane suna barci.

Masu unguwanni su kawo sunaye a taronmu na gaba, mu rubuta wa ƙaramar hukumar Jama'a neman horo. Allah ya kiyaye mu.