Kyamara Maras Madubi: A Tambayi Rana Kafin a Biya Kuɗi

Jama'a, a taron ƙungiyarmu na ƙarshen zangon da ya wuce an yi wata muhawara wadda har yau take ci mini tuwo a ƙwarya. Batun shi ne kuɗin da aka tara domin sayen kyamarar da za a riƙa fita da ita ƙauyuka ana ɗaukar makaɗa da maroƙa da tsofaffi masu tarihin baka. Wani ɗan'uwa ya miƙe ya ce a sayi maras madubi mai ɗaukar 8K, wai ita ake yayi, sauran duk tarkace ne. Aka yi ta tafi kamar an ga watan Salla. Na ɗaga hannu har ya gaji, shugaba bai gan ni ba, ko kuwa ya gan ni ya kau da kai. To, tun da baki bai sami fili ba, ga alƙalami.

Shekara 2 ke nan ina riƙe da irin wannan kyamara, da gumina na saya, ƙarama ce mai ɗan sauƙin kuɗi, ba ta kai manyan da zan ambata nan gaba ba. Saboda haka abin da zan faɗa ba a talla na karanto shi ba.

Bari mu fara da madubin da aka cire. A tsohuwar kyamara, haske yakan shigo ta gilashin gaba ya daki wani ɗan madubi, madubin ya juya shi sama zuwa idon mai ɗauka. Farantin da ke kama hoto yana kwance abinsa, ba ya farkawa sai an danna. Da kamfanin Panasonic ya fito da Lumix G1 a 2008, sannan Sony ya biyo da A7 mai babban faranti a 2013, sai aka jefar da madubin. Yanzu abin da ido ke gani a tagar leƙe ɗan ƙaramin talabijin ne, kuma farantin ne ke ciyar da shi ba dare ba rana muddin kyamara na kunne. Wanda ba ya barci kuwa dole ya ci abinci da yawa, dole kuma jikinsa ya yi zafi. Duk rigimar daga nan ta taso.

Ga misali daga gida ɗaya, don kada a ce na haɗa doki da jaki. Nikon D850 mai madubi, ta 2017, an auna ta tana ɗaukar hoto 1,840 da caji ɗaya. Nikon Z7 maras madubi, ta 2018, mai faranti kusan iri ɗaya da batir ɗan gida ɗaya, an auna ta a 330. Na sani, masu kare ta za su ce ma'aunin na ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan yana da tsanani, kuma a aikace mutum yakan wuce wannan adadi. Gaskiya ne, ni ma nakan wuce. Amma ai da mudu ɗaya aka auna su duka biyun. An kuma sami gyara daga baya, domin Sony A7 III ta 2018 ta zo da batir mai ninki biyu na na farko, har ta kai 710. Duk da haka mai maras madubi ba ya fita da batir ɗaya sai in wasa ya je yi.

A nan ne ƙaryar rashin nauyi take ƙarewa. An ce mana ƙarama ce, ba ta da nauyi. Jikinta kam haka ne. To amma a jakata akwai batura 4 da abin caji 2 da fawa banki mai nauyin rabin bulo. Nauyin da aka sauke daga wuya ya koma kafaɗa, kuɗin da aka ce an rage ya fita ta bayan gida. Kuma batir na ainihi tsada gare shi, na bogi kuwa ya cika kasuwa, wani ka saya yau, bayan wata 3 ya kumbura kamar ƙosai har ya ƙi fita daga raminsa. Sannan a tuna, wanda ya auna batirin nan ya ɗauka ne cewa da ka dawo gida za ka soka a bango. Mu da akan ɗauke mana wuta kwana biyu a ɗakin kwana, wane bango?

Batir ma da sauƙi, tun da ana iya sayen wani. Zafi shi ne babban ciwon, kuma a kansa na ji kunyar da ba zan manta ba.

A watan Afrilun bara na je wani ƙauye wajen wani tsohon makaɗin maza, domin aikin kundina. Sau uku ina zuwa kafin ya yarda ya zauna. Ran nan bayan azahar aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya ɗauko gangarsa, ya fara da kirarin iyayen gidansa, yana tafe yana warware asalin kowace waƙa da wanda aka yi wa. Can wajen minti 18 sai na ga wata 'yar alama tana ƙyaftawa a allo. Na yi kamar ban gani ba. Daidai lokacin da ya shiga kirarin da na zo dominsa, wanda ya ce rabonsa da yi tun rasuwar uban gidansa, sai allo ya yi baƙi. Na taɓa jikinta, kamar murfin tukunya. Na ce, “Baba, a yi haƙuri a ɗan dakata, na'urar ta yi zafi.” Ya dube ni ya dube ta, ya ce, “Ɗana, ni mai shekaru ban gaji ba, ita yarinyar ta gaji?” Yara suka fashe da dariya. Na buɗe ramin batir, na yi ta yi mata fifita da littafina. Kafin ta huce an kira la'asar, tsoho ya tashi, kuma da aka dawo ya ce ransa ya fita daga abin. Duk wanda ya san makaɗa ya san ba famfo ba ne da za ka murɗa ya zubo.

Kada wani ya ce ai don tawa mai araha ce. A 2020 kamfanin Canon ya fito da EOS R5, a kan dala 3,899, aka cika duniya da labarin 8K. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa a zafin digiri 23 tana ɗaukar 8K na kimanin minti 20 ne kafin ta tsaya, kuma in aka bar ta ta huta minti 10, abin da za ta ƙara bai wuce minti 3 ba. Dalili a fili yake. Hoto ɗaya na 8K ya haura ɗigo miliyan 33, ana sarrafa 30 a kowace daƙiƙa, a cikin akwatin da aka toshe ko'ina don kada ruwa da ƙura su shiga. Ta ina zafin zai fita? Daga baya sun sassauta matsalar da sababbin manhajoji, a 2022 kuma suka fito da R5 C mai fanka a ciki, kamar yadda Panasonic ya sa wa S1H a 2019, Sony ya sa wa FX3 a 2021. Fankar nan ita ce amsa laifi, ko ba a furta ba.

Yanzu a dubi wannan digiri 23. Malamaina da 'yan'uwana, yaushe rabon da ku ga digiri 23 da rana a Sakkwato ko Maiduguri, in ba cikin hunturu ba? Yawancin littattafan kyamarorin nan sun rubuta cewa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40. Mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwa ma takan haura 40. Ashe ke nan a watannin bazara, lokacin da manomi yake da sararin zama ya ba ka labari kafin ruwa ya sauka, mun riga mun fita daga alkawarin mai ƙerawa tun ba mu kunna ba. Laifin da nake gani namu ne, ba nasu kaɗai ba. Su sun rubuta, ko da a ƙananan baƙaƙe. Mu ne 'yan boko masu haddace lambar da ke jikin kwali, ba mu buɗe littafin da ke ciki.

Ba na cewa a koma wa madubi. Wannan kasuwa ta watse, kamfanonin sun karkata ga maras madubi, kuma tana da kirki. Takan kama idon mutum ta bi shi, takan ɗauki hoto shiru ba ƙarar da za ta katse mai waƙa, abin da ka gani a taga shi za ka samu. Ina son tawa. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki kuɗin jama'a a sayi lamba. Wa zai kalli 8K ɗin? A wace kwamfutar sashe za a tace shi, a kuma wane rumbu za a adana? Muryar tsoho da motsin hannunsa a kan ganga, 4K ma ta yi musu yawa, 1080 ta wadatar, kuma a nan kyamara takan daɗe ba ta yi zafi ba.

Shawarata ga kwamiti ita ce a raba kuɗin. A nemi wadda ke da fanka, ko wadda aka tabbatar tana ɗaukar awa guda ba tsayawa, kuma kafin a biya a roƙi mai kanti a kunna ta a waje da ƙarfe biyu na rana, ba cikin sanyin na'urar kantinsa ba. In ya ƙi, a gaishe shi a wuce. Ragowar kuɗin a sayi batura na ainihi, da fawa banki mai iya ciyar da ita tana aiki, da laima, da makirfo mai kyau, da rikoda ta daban wadda za ta ci gaba da ɗaukar murya ko da allo ya mutu. Da ina da wannan rikodar ran nan, da kirarin yana hannuna.

Tsohon ya aiko mini cewa in zo bayan an yi girbi, wai lokacin yarinyar tawa ba za ta suma ba. Na ce a gaya wa Baba ina nan tafe, in Allah ya kai mu, ya kuma kai shi.