Wa zai buɗe daji bana?

Hunturu ya naɗe tabarmarsa, bazara ta kunno kai. A irin wannan lokaci ne Maguzawa suka saba buɗin daji: a yi wa iskoki yanka, dattawa su duba yadda damina za ta kasance, sannan mafarauta su shiga dawa. To yanzu fa? A yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, 'yan bindiga ne suka mamaye dajin, shiga yin itace ma sai da kasada. Mu kuwa muna Facebook da TikTok muna ta "arna kaza, arna kaza". Haba matasa! Ba wanda ya ce ka bi tsafinsu. Hausawa ne dai kamarka, harsashin da kake gudu shi suke gudu. In gwamnatin Katsina za ta lissafa ƙauyukan da aka tarwatsa, mu matsa a sa har da nasu.