Iska Na Wahalar Da Mai Kayan Kara: Batun Rumfar Mota a Bakin Teku

Gabatarwa

Da zarar watan Yuli ya tsaya a ƙasar Birtaniya, makarantu suka tashi hutu, sai hanyoyin da suka nufi bakin teku su cika maƙil da wasu irin motoci waɗanda ba a saba ganinsu a ƙasar Hausa ba. Mota ce kamar ƙaramar bas, amma an fitar da kujerun baya an sa gado da murhun gas da wurin wanke kwanuka da ɗan firji, ta yadda magidanci da iyalinsa za su yi tafiya a cikinta, su dafa abinci a cikinta, su kuma kwana a cikinta. Da ana iya kiranta motar kwana, to amma sunan zai rikitar da mai sauraro da motar kwana-kwana ta masu kashe gobara, saboda haka a wannan maƙala za a kira ta mota mai ɗaki.

A jikin yawancin waɗannan motoci akwai rumfa ta tamfal wadda ake buɗewa idan an yada zango, domin a sami inuwa da wurin shan iska. A kan wannan rumfa maƙalar za ta tsaya. Ra'ayin da za a kare kuwa shi ne, duk wanda ya kafa rumfa a bakin teku, wajibi ne a kansa ya naɗe ta tun iska ba ta yi ƙarfi ba, da kuma duk lokacin da zai kwanta barci ko zai bar wurin, domin ɓarnar rumfar da iska ta fizge ba a kan mai ita kaɗai take tsayawa ba.

Asalin al'adar

Yawon hutu da gida a kan ƙafafun taya tsohon abu ne a Birtaniya. Tun a shekarar 1885 wani likita marubuci, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa ɗaki a kan keken doki ya zaga ƙasar da shi don nishaɗi. A 1907 masu sha'awar irin wannan yawo suka kafa ƙungiyarsu, wadda har yanzu tana nan, a 2017 ma ta ƙara wa sunanta kalmar da ta haɗa da masu motoci masu ɗaki. Abin sha'awa ga ɗalibin harshe shi ne, kalmar da Turawa ke kiran ɗakin da ake ja da mota, ita ce dai kalmar da suke kiran ayarin fatake da ita.

Da farko abin na masu hannu da shuni ne. Dokar hutu da albashi ta 1938 ita ta fara buɗe wa leburori ƙofa, sa'an nan kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da ƙaramar bas ɗinsa a 1950, kamfanin Westfalia kuma ya shiga mayar da ita ɗakin kwana tun daga 1951. Daga nan abin ya zama ruwan dare. Masu wannan yawo sukan nufi gaɓar Cornwall da Devon a kudu maso yammacin Ingila, ko Pembrokeshire a Wales, ko kuwa su bi hanyar nan ta arewacin Sikotlan mai tsawon mil 516, wadda aka ƙaddamar a 2015, take farawa daga birnin Inverness ta kuma ƙare a can.

Halin iskar bakin teku

Wanda ya saba da zaman cikin gari ba ya sanin iska sai ya je bakin teku. Dalili na farko, a kan tudu gidaje da itatuwa da duwatsu suna rage mata gudu, amma a kan ruwa babu abin da ke tare ta. Iskar da ta fi kaɗawa a Birtaniya daga kudu maso yamma take fitowa, watau daga Tekun Atlantika, saboda haka wuraren da aka fi sha'awar zuwa su ne farkon abin da take tararwa. Dalili na biyu, da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, iskar da ke kanta ta yi sama, mai sanyi ta taso daga teku ta maye gurbinta. Wannan ya sa safiyar da ko ganye ba ya motsi takan koma wani abu dabam bayan azahar. Dalili na uku, iska ba ta tafiya da gudu ɗaya. Takan lafa, sa'an nan ta bugo farat ɗaya da ƙarfin da ya zarce wanda aka ji a hasashen yanayi, musamman a kan tsaunukan da suka kutsa cikin teku, inda masu yawo suka fi son tsayawa saboda kyan gani.

Akwai kuma lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin turinta sau huɗu yake ninkawa. Iska mai gudun kilomita 36 a sa'a, idan ta bugi abu gaba da gaba, tana tura kowace murabba'in mita da nauyin kimanin kilo 6. Idan gudun ya kai kilomita 72, nauyin ya zama kusan kilo 25. Rumfa mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2 da rabi murabba'in mita 7 da rabi ce, ke nan abin da ya fara da nauyin da bai kai buhun siminti ɗaya ba ya koma kusan buhu huɗu. Gaskiya ne rumfa a kwance take, ba duk wannan nauyi ke samunta ba, amma ninkin nan na huɗu bai canja ba. Mafi muni kuma, iskar ta ƙarƙashi take shiga ta ɗaga ta sama, kamar yadda take juya laima a hannun mai tafiya, alhali ƙafafun rumfar siraran alminiyom ne da aka yi su don riƙe tamfal kada ya faɗo, ba don hana shi tashi ba.

Abin da dabara ke iya yi

Ba a ce babu dabara ba. Gwanayen wannan yawo sukan duba inda iska ke fitowa kafin su tsaya, su juya motar ta zama garkuwa tsakanin iska da rumfa. Sukan kafe ƙafafun da turaku, a cikin rairayi kuwa su yi amfani da dogaye, su buga su a karkace. Sukan ɗaura igiya mai faɗi a kusurwoyin rumfar, wadda aka haɗa da waya mai tsalle domin ta shanye fizgar iska. Sukan rage tsawon ƙafa ɗaya don ruwan sama ya zurare maimakon ya taru ya yi tafki a kan tamfal. Akwai ma rumfuna irin na tanti waɗanda ginshiƙansu na roba ne da ake hura wa iska, sukan lanƙwashe su miƙe maimakon su karye.

Duk wannan daidai ne, amma yana da iyaka. Ma'aunin da Francis Beaufort na rundunar jiragen ruwan Birtaniya ya tsara a 1805 ya kasa iska daga mataki 0 zuwa 12, kuma amfaninsa shi ne ido ma yana iya karanta shi. A mataki na 5 ƙananan itatuwa masu ganye sukan fara rangaji. A mataki na 6, watau kilomita 39 zuwa 49 a sa'a, manyan rassa suna motsi, riƙe laima ya zama aiki. Rumfar da ake murɗowa daga jikin mota inuwar rana ce kurum, ba a yi ta don irin wannan ba. Haɗarin igiya da turaku shi ne sukan sa wa mai su kwanciyar hankalin da ba shi da tushe, har ya tafi iyo ko ya shiga barci ya bar rumfa a buɗe. In kuwa ya farka tsakar dare ya ce zai naɗe, ya makara, domin lokacin da aka zare turaku ana murɗawa shi ne lokacin da rumfa ta fi rauni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujjar masu ja

Masu ja da wannan ra'ayi suna da abin faɗi, kuma bai kamata a raina shi ba. Sukan ce hutun mako ɗaya ne ko biyu a shekara, an tara kuɗi an sayi rumfa, motar kuwa ƙunci gare ta, musamman ga mai yara. A ƙasar da iska ba ta rabuwa da ita, in za a riƙa naɗewa duk sa'ad da ganye ya motsa, to rumfar ba ta da amfani ke nan. Wasu kuma sukan ce dukiyarsu ce, in ta lalace asararsu ce.

Hujja ta farko tana da ƙarfi, amma ba a ce a naɗe don ganye ya motsa ba. Abin da aka ce shi ne a naɗe idan alamu sun nuna, da lokacin da babu mai tsaro. Naɗe rumfa mai murɗawa aikin 'yan mintoci ne, buɗe ta ma haka. Labarin yanayi kuwa ba ɓoyayye ba ne. Hukumar yanayi ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1854, ta fara gargaɗin guguwa ga jiragen ruwa tun 1861, daga 2015 kuma ta shiga raɗa wa manyan guguwa suna don jama'a su farga. Kada kuma a ɗauka lokacin zafi ya tsira: a farkon Agustan 2025 guguwar da aka kira Floris ta afka wa Sikotlan ana tsakiyar hutu, har ta kifar da motoci masu ɗaki a kan hanya a tsibirin Skye. Iskar da ta kayar da mota, me za ta bar wa tamfal?

Hujja ta biyu ita ce ba ta da madafa. A zangon masu yawo motoci a jere suke, tazarar 'yan mitoci ce tsakanin wannan da wancan, a tsakani kuma akwai masu kwana a tanti da yara masu wasa. Rumfar da ta tashi takan kifa ta kan motar ta ɓarke rufinta, ko ta tsinke ta yi gaba da ƙarafunanta da turakunta. Wanda ta faɗa wa ba a yi shawara da shi ba lokacin da aka yanke hukuncin barin ta a buɗe. Saboda haka maganar ta tashi daga ta dukiya ta koma ta haƙƙin maƙwabtaka. Su ma masu sayar da rumfuna da masu ba da hayar motoci suna da nasu kason, domin hoton talla kullum rana ce fes da teku kwance, baƙon da ya karɓi mota haya kuwa wataƙila bai taɓa murɗa rumfa ba a rayuwarsa. Kamata ya yi a nuna masa naɗewa kafin a nuna masa buɗewa.

Kammalawa

Mai karatu a ƙasar Hausa zai iya cewa ina ruwan biri da gada. To amma duk wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin rumfar biki ko ta taro a farkon damina, hadari ya haɗo daga gabas, ya ga yadda iskar da ke gaban ruwa take ɗaga tamfal da ƙarafunansa a kan jama'a, ya san lissafin nan na ninki huɗu bai san iyakar ƙasa ba. Can da nan, akan sami wanda ya ga alama amma ya ce a ɗan jira, don kada a ɓata wa mutane zama. In abin ya faru kuma a ce tsautsayi ne, alhali tsautsayin da aka hango tun daga nesa sunansa sakaci.

Mutumin da ya sayi mota mai ɗaki 'yanci ya saya, na ya kwana inda ya ga dama ya tashi sa'ad da ya ga dama. Amma madugun da ya san aikinsa yakan dubi sama kafin ya sauke kaya, kuma ba ya jin kunyar ɗaure su tun rana ba ta faɗi ba. Rumfar da aka naɗe da magariba gobe da safe za a sake buɗe ta. Wadda aka bar wa iska kuwa, sai dai a bi gaɓar teku ana tsintar ta, a kuma yi fatan ba ta sami kowa ba.