Hayaƙin Tanderu Da Gadon Mutanen Nafoli

A birnin Nafoli na ƙasar Italiya akwai wata irin gurasa mai suna fiza, wadda akan shafa wa tumatir da cuku, a gasa a tanderun itace a gaban mai saye. Zafinsa yakan kai digiri 485, kafin minti biyu ta gasu. A 1984 masu sana'ar suka kafa ƙungiya don tsare ƙa'idodinta, a 2017 kuwa UNESCO ta sa gwanintarsu cikin al'adun duniya abin kiyayewa.

Amma fa itace ba ya ci sai da hayaƙi. A watan Disamba 2015 iskar garin San Vitaliano, kusa da Nafoli, ta gurɓace, har hukuma ta hana hura tanderun itace na 'yan watanni, sai wanda aka sa wa matacin hayaƙi. Masu gidajen abinci suka yi ta kuka.

To, jama'a, hukuma ba ta yi laifi ba, lafiya uwar jiki. Gadon nan kuwa a hannun gwani yake, shi yake koya wa yaronsa kwaɓi da lura da wuta. In an tace hayaƙi, aka kuma ci gaba da koyar da yara, an tsira da duka biyu.