AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI: NA'URA BA ZA TA GYARA ALƘALANCIN ƘWALLO BA

Duk wanda ya ratsa ta Rikkos da yammacin Asabar ko Lahadi, a lokacin da gidajen kallon ƙwallo suka cika maƙil, janareto na ruri, ba zai rasa jin kuka iri ɗaya daga bakin samari da magidanta ba: wai alƙalin wasa ya ci amana, wai an saye shi, wai da akwai na'urar nan ta maimaita hoto da ake kira VAR a filayen Nijeriya da tuni zalunci ya ƙare. Shugabannin ƙwallon ƙasar nan kuma sun iske waƙar ta yi musu daɗi, domin ta ɗauke musu nauyi, sai su ma suka kama amshi, kowace shekara da alkawarin cewa na'ura tana hanya. To, wannan magana yaudara ce, kuma mutanen Jos sun fi kowa cancantar su gane haka, domin ba yau garin ya fara sanin ƙwallo ba.

Jos ce ta ba Nijeriya zakaran gasar lig na farko, wato Mighty Jets, a 1972. A wannan shekara ce kuma Jets ta kara da Bendel Insurance a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a Ikko, aka tashi biyu da biyu cikin ce-ce-ku-ce a kan alƙalancin Sunny Badru, har aka sake wasan a Badun, Bendel ta ci uku da biyu. Dattawan da suka ga zamanin Sam Garba Okoye har yau ba su gama musu a kan wasan nan ba. Ke nan zargin alƙali ya girmi talabijin mai launi a ƙasar nan, balle na'urar da sai a 2018 aka shigar da ita cikin dokokin wasa.

Bari a duba abin da na'urar ta yi wa Nijeriya tun zuwanta. Ranar 22 ga Yuni, 2018, a Rasha, ɗan Jos Ahmed Musa ya zura wa Iceland ƙwallo biyu, sai alƙali ya je ya leƙa allo ya ba Iceland fenariti, Allah ya sa suka harba sama. Bayan kwana huɗu, a wasa da Ajantina, ƙwallo ta taɓi hannun Marcos Rojo a cikin da'ira, alƙali Cuneyt Cakir na Turkiyya ya je gaban allon nan dai, ya kalla, ya dawo ya ce ba laifi. Shi Rojon ne kuma ya ci ƙwallon da ta koro Nijeriya gida. A 2019 'yan wasan mata na Faransa sun ɓarar da fenariti, na'ura ta ce mai tsaron gida Chiamaka Nnadozie ta ɗaga ƙafa daga kan layi, aka sake bugu, aka ci. A Fabrairun 2024 kuma, a Buwake, Victor Osimhen ya jefa wa Afirka ta Kudu ƙwallo ta biyu, ana cikin murna aka soke ta, aka koma can baya aka ba abokan karawa fenariti. Wasu daga cikin hukunce-hukuncen nan daidai suke bisa doka, ko da kuwa sun yi ɗaci, wasu kuma har gobe ana jayayya a kansu. Amma a cikinsu duka babu inda na'ura ta yanke hukunci da kanta. Hoto kawai ta nuna, ɗan Adam ne ya kalla ya faɗi abin da ya gani, ko abin da ya ga dama ya gani.

Wanda yake tsammanin sai a ƙasashen baƙar fata ake haka, to ya tambayi magoya bayan Liverpool, waɗanda ba su da kaɗan a Rikkos. A Satumban 2023 an soke ƙwallon Luis Diaz a gidan Tottenham da sunan satar gida, alhali masu kula da allo sun ga ƙwallon halas ce, rashin fahimtar juna ne ya shiga tsakaninsu da alƙalin fili, har hukumar alƙalan Ingila ta fito ta amsa kuskure. Can ke nan inda kuɗi ya zauna da gindinsa, inda wuta ba ta ɗaukewa. Inda kuwa kayan aiki ke iya tsayawa, an ga abin da ya faru a Tunisiya ranar 31 ga Mayu, 2019, a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Afirka: an soke ƙwallon Wydad ta Maroko, suka nemi a duba allo, ashe na'urar ba ta aiki, suka ƙi ci gaba da wasa, aka miƙa wa Esperance kofi cikin abin kunya.

Ba a nan ma gizo yake saƙa ba. A Yulin 2013, a Bauchi, a wasannin neman hawa matakin gasar ƙasa, ƙaramar ƙungiyar Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, 72 daga ciki bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, a daidai lokacin da Police Machine take cin tata abokiyar karawar 67 da nema a wani filin. Duniya ta yi wa Nijeriya dariya, aka haramta wa 'yan wasa da alƙalan da suka busa wasannin shiga harkar ƙwallo har abada. Shin wace na'ura ake bukata kafin a gane cewa ƙwallo 72 cikin minti 45 ba wasa ba ne, ciniki ne? Alƙalan nan da idanunsu biyu suka gani, suka ƙirga, suka rubuta. Ba gani suka rasa ba.

Abin da alƙalin wasa na Nijeriya ya rasa abu biyu ne, ƙoshi da tsaro. Shekara da shekaru ya yi yana tafiya daga gari zuwa gari yana bin masu gasa bashin alawus ɗinsa, mai masaukin baƙi ne ke tarbarsa, ya sauke shi, ya ciyar da shi. Wanda ya ci tuwon mutum da dare, da wane baki zai ba da fenariti a kansa da la'asar? Daga nan ne aka sami mugunyar al'adar nan ta cewa ba a cin mai gida a gidansa, har ƙungiya takan hau mota zuwa wasan waje ta riga ta sallama maki uku. A kakar 2023, da kwamitin riƙo na Gbenga Elegbeleye ya sa biyan alƙalai ya koma hannun masu gasa a kan kari, an ga baƙi suna cin wasa a gidan wasu fiye da yadda aka saba, ba tare da an kafa allo ko ɗaya a bakin fili ba. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Ta fuskar tsaro kuwa, 'yan kallo ba za su wanke hannunsu ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Oktoban 2025, a filin Sani Abaca na Kano, Shooting Stars ta farke ƙwallo daf da tashi, magoya bayan Kano Pillars suka kutsa fili suka far wa alƙalai da baƙi, har aka zare wa Pillars maki uku aka kore ta zuwa Katsina, babban manajanta Ahmed Musa ya fito yana ba da haƙuri. Mai karatu ya auna da hankalinsa: a irin wannan fili, a ce alƙali ya taka zuwa gefe, daf da masu jifa, ya tsaya minti uku yana kallon allo, sannan ya juyo ya soke ƙwallon masu gida. Wa zai raka shi mota? Mutumin da yake zagin alƙali a gidan kallo saboda an zalunci Arsenal, shi ne kuma zai je filin titin Zariya yana jiran alƙali ya yi wa Plateau United alfarma. Ba adalci yake nema ba, so yake zaluncin ya faɗa ta wajensa.

Masu kare na'ura suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma ba za a ƙi jinta ba: ba a ɗauki alƙali ko ɗaya daga Nijeriya ba a gasar Kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a 2024, kuma rashin sabawa da VAR yana cikin dalilan da aka yi ta ambata. Gaskiya ne, ba a fafe gora ranar tafiya, wajibi ne a horar da alƙalai a kan na'urar don kada a ci gaba da barin su a baya. Sai dai ƙasar da ta je Kofin Duniya na maza sau shida, tun daga 1994, ba ta taɓa samun ɗanta ya riƙe usur a tsakiyar fili a gasar ba, kuma biyar daga cikin shidan nan an yi su ne kafin a san wata aba wai ita VAR.

Kuɗin da za a kashe wajen kyamarori da ɗakin allo da janareto a filaye ashirin, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya ta fara da abin da ya fi arha: a biya alƙali kafin ya bar gidansa, masu gasa su sauke shi ba mai gida ba, a ɗauki hoton kowane wasa ko da da kyamara ɗaya ce, a duba shi ranar Litinin, wanda aka kama da son kai a bayyana sunansa da laifinsa da hukuncinsa a jarida, wanda kuma ya ɗaga hannu ya doki alƙali a kai shi gaban kotu maimakon a ci ƙungiyarsa tara a rufe magana.